Inda Kowa Ya San Kowa: Yadda Zaɓe Ke Gudana a Ƙaramin Ƙauye

A can ƙuryar arewacin jihar New Hampshire ta Amurka, kusa da iyakar Kanada, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Dixville Notch da ya saba buɗe rumfar zaɓensa da ƙarfe 12 na dare, a kaɗa ƙuri'a, a ƙirga, a faɗi sakamako tun sauran ƙasar na barci. A zaɓen shugaban ƙasa na 2024 mutum 6 ne suka yi zaɓe a can, aka tashi kunnen doki: Kamala Harris 3, Donald Trump 3. Da mutum guda ya sauya ra'ayi a daren nan, da an sami wanda ya ci ƙauyen. A 2020 kuwa masu zaɓen su 5 ne, kuma dukansu Joe Biden suka zaɓa. Kowa ya cike takardarsa a asirce, ya jefa a akwati, amma da aka karanta sakamako babu wanda bai san abin da maƙwabcinsa ya zaɓa ba.

Waɗannan darare biyu sun ɗauke kusan duk abin da ya bambanta zaɓen ƙauye da na birni. Doka ɗaya ce, takardar ma sau da yawa iri ɗaya ce. Abin da ya sauya shi ne yawan mutane. Ƙarancin nan ne ke ba ƙuri'ar ɗan ƙauye nauyin da ta ɗan birni ba ta da shi, kuma shi ne dai ke yaye mata mayafi. Duk tsarin da aka shimfiɗa wa ƙauye, in bai yi la'akari da wannan ba, ko dai ya bar mai zaɓe a fili, ko ya ba shi kujerar da ba ta tsinana masa komai.

Tambayar farko ita ce: me ɗan ƙauye yake zaɓa ma? Amsar ta danganta da ƙasar da aka haife shi. A Faransa kusan kowane ƙauye hukuma ce mai cin gashin kanta. Ƙasar na da irin waɗannan hukumomi kusan 35,000, mafi yawansu ƙanana. Ƙauyen da mutanensa ba su kai 100 ba yana da kujerun kansila 7, wanda ke tsakanin 100 da 499 yana da 11, kuma wa'adinsu shekara 6 ne. Jama'a kansiloli suke zaɓa, su kuma kansilolin su fitar da magajin gari daga cikinsu. Yi lissafi: ƙauye mai mutum 80, ka cire yara, ka ga kusan kowane gida yana da ɗan'uwa ko suruki a majalisa. A Indiya, gyaran tsarin mulki na 73 da ya fara aiki a watan Afrilun 1993 ya wajabta kafa majalisun ƙauyuka da ake kira panchayat, waɗanda yau sun kai kimanin 250,000, ana sabunta su duk shekara 5. Baya ga zaɓaɓɓu, akwai taron gama-gari na duk mai rajistar zaɓe a ƙauyen, wanda ake kira gram sabha. Ingila na da nata majalisun ƙauye tun dokar 1894, kusan 10,000 a yanzu, masu wa'adin shekara 4.

A wasu ƙasashe kuwa ƙauye ba shi da kujerar zaɓe tasa ta kansa. A Najeriya matakin ƙarshe shi ne ƙaramar hukuma, guda 774, waɗanda aka karkasa zuwa mazaɓu 8,809. Mazaɓa ɗaya kan haɗa ƙauyuka da dama, ta fitar da kansila ɗaya. Ke nan ƙaramin ƙauye na iya shekara da shekaru bai taɓa ganin ɗansa a majalisa ba, domin babban garin mazaɓar ya fi shi yawan ƙuri'u. Shugaban da ɗan ƙauye ya fi gani kullum, wato dagaci ko mai unguwa, ba ta akwati yake zuwa ba. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Mutumin da ke zaɓen majalisar ƙauyensa yana zaɓen wanda zai gani gobe da safe. Wanda ƙauyensa ya narke cikin babbar mazaɓa yana zaɓen mutumin da watakila sai kakar zaɓe mai zuwa zai sake ganin ƙeyarsa.

Sai batun rajista, wanda mutane kan raina, alhali a ƙauye nan ne ake cin zaɓe ko a faɗi tun kafin a buga takardu. Wane ne ɗan ƙauye? Wanda ke kwana a cikinsa, ko wanda aka binne cibiyarsa a can amma ya shekara ashirin a birni? Yawancin dokoki wurin zama suke dubawa, sai dai kowace ƙasa da ƙofar da ta bari a buɗe. Faransa ta yarda mutum ya yi rajista a ƙauyen da ba ya zaune a ciki muddin yana biyan harajin ƙauyen shekara biyu a jere, abin da ke ba masu gidajen hutu bakin magana. 'Yan sauran ƙasashen Tarayyar Turai mazauna ƙauyen ma suna zaɓen kansila, har su tsaya takara, sai dai ba su zama magajin gari. A birni mai masu zaɓe miliyan guda, ƙarin suna talatin a kundin rajista ɗigon ruwa ne a teku. A ƙauye mai masu zaɓe ɗari biyu, suna talatin sun isa su juya majalisa gaba ɗaya. Shi ya sa nake ganin ranar da aka kafe sunayen masu rajista domin jama'a su duba ta kai ranar zaɓe muhimmanci. Anan ne ƙanƙantar ƙauye ke zama alheri: babu na'urar da ta kai tsohuwar unguwa sanin wanda ya rasu bara, da wanda ya ƙaura, da sunan da ba a taɓa jin mai shi ba.

Nisa ma haraji ne, ko da ba a rubuta shi a doka ba. Hukumar zaɓen Indiya na bin ƙa'idar kada mai zaɓe ya yi tafiyar da ta wuce kilomita 2, har takan tura ma'aikata cikin dajin Gir na jihar Gujarat su kafa rumfa saboda mutum ɗaya tak. Najeriya ta ƙara yawan rumfunanta a 2021 zuwa 176,846, daga kusan 120,000 da aka daɗe ana amfani da su. Duk rumfar da aka matso da ita kusa ta buɗe wa tsoho da mai jego da gurgu hanya. Sai dai kuma duk rumfar da ta ƙanƙance ta rage mayafin masu zaɓe a cikinta, kuma wannan shi ne ƙullin da ya fi wuyar kwancewa.

Ka ɗauka rumfa ce mai masu zaɓe 90, yamma ta yi, an zazzage akwati a kan tebur. Malamin zaɓe na ɗaga takarda ɗaya-ɗaya yana nuna wa wakilan 'yan takara, jama'a sun yi da'ira suna ƙirgawa tare da shi da ƙarfi. An gama: wannan 61, wancan 27, biyu sun lalace. Kafin a sa hannu a takardar sakamako, wani dattijo da ke tsaye a gefe ya riga ya gama nasa lissafin da yatsu. Gidan wane mutum tara ne, gidan wance shida, surukan ɗan takarar sha ɗaya. Ya haɗa ya sami 26. Saura ɗaya. Ya ɗaga kai yana duban fuskoki, kuma wanda ya jefa ta ashirin da bakwai ɗin ya san ana nemansa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Babu wanda ya karya doka a wurin nan, babu wanda ya leƙa bayan kowa, ga shi kuwa sirri ya tsiyaye.

A birni, in an gane wanda ka zaɓa, iyakaci a yi maka kallon banza. A ƙauye wanda ka ƙi zaɓa yana iya zama mai gonar da kake haya, ko mai ba ka rance in damina ta kama, ko mai motar da za a nema in matarka na naƙuda cikin dare. Mai sayen ƙuri'a ma ya fi jin daɗin ƙaramar rumfa, don yana iya tantance ko an cika masa alkawari. Ba ya buƙatar sanin wanda ya saɓa, ya isa ya ce wa ƙauyen duka: na ga abin da kuka yi. Hukuncin gayya irin wannan, a hana ƙauye hanya ko rijiya saboda yadda akwatinsa ya faɗi, ya fi barazana ga mutum ɗaya muni, domin yana sa maƙwabta su zama masu gadin juna.

Ƙuri'ar sirri ba daɗaɗɗiya ba ce yadda ake zato. A yankunan Ostireliya aka fara salonta na zamani a 1856, Birtaniya ta karɓe ta a 1872, Faransa kuwa sai 1913 ta kawo ɗan keɓaɓɓen wurin shiga da ambulan. Babban abin da ya tilasta ta a Birtaniya shi ne yadda masu filaye da masu masana'antu ke tsayawa suna sauraron wanda ɗan haya ko ma'aikaci zai ambata da bakinsa. Ƙasashen da suka gane cewa labule kaɗai bai isa ba sun ƙara wata dabara. A Birtaniya ba a ƙirga ƙuri'a a rumfa: ana kwashe akwatuna zuwa wuri ɗaya, a cakuɗa takardun kafin a ƙirga, don haka ba a sanin yadda kowace rumfa ta faɗi. A Jamus, in waɗanda suka yi zaɓe a wata rumfa sun yi kaɗan ƙwarai, ana kai takardunsu a haɗa da na wata rumfa a ƙirga tare.

To amma wannan magani yana aiki ne inda aka yarda da wanda zai ɗauki akwatin. Inda ba a yarda ba, hanyar da ke tsakanin rumfa da wurin tattara sakamako ita ce inda ƙuri'u ke ɓata ko su hayayyafa, kuma kariyar da talaka ke da ita ita ce a ƙirga a gabansa, a rubuta, a manna a bango, wakilin kowane ɗan takara ya tafi da kwafi. Ga buƙatu biyu, dukansu na gaskiya, suna jan igiya: ƙirga a fili na kare ƙuri'a daga ɓarawo, cakuɗawa na kare mai ƙuri'a daga mai ramuwa. Ni dai in aka tilasta mini zaɓi a inda maguɗi ya yi katutu, ƙirgar fili zan ɗauka, domin ƙuri'ar da aka sace ba ta da sauran sirrin da za a kare. Amma ba zan yarda a ce ba a biya komai ba. An biya, kuma masu ƙaramin ƙarfi a ƙauye ne suka biya.

Akwai waɗanda suka ce a bar ɓoye-ɓoyen gaba ɗaya. Tsarin ƙato-bayan-ƙato, inda masu zaɓe ke yin layi a bayan ɗan takara ko hotonsa a ƙirga kawuna, Najeriya ta san shi a farkon shekarun 1990, Kenya ta gwada shi a 1988, Yuganda kuma da shi ta zaɓi shugabannin ƙauyukanta a 2018, saboda araha. A Suwizalan har yau ƙananan garuruwa da yawa na yanke hukunci a taron gama-gari ta hanyar ɗaga hannu, kuma jihohin Glarus da Appenzell Innerrhoden na yin haka a dandali sau ɗaya a shekara. Masu kare wannan tsari na cewa ba a iya aringizo a gaban idon kowa, kuma mai ra'ayi ya kamata ya iya tsayawa a kansa. Maganar farko tana da ƙamshin gaskiya. Ta biyu kuwa ta fi sauƙin faɗa ga wanda cinsa da shansa ba su rataya a wuyan kowa ba. Matar da mijinta ke tsaye a wancan layi, ko ɗan ƙodagon da ubangidansa ke kallo, ba 'yanci aka ba su ba in aka ce su fito fili. Appenzell Innerrhoden ɗin nan ma, maza masu ɗaga hannu sun yi ta ƙin ba mata ƙuri'a har sai da kotun tarayya ta tilasta musu a 1990. Gambiya ta nuna ana iya samun sauƙi ba tare da an tona asiri ba: mai zaɓe na shiga shi kaɗai ya jefa ɗan dutsen gilashi a gangar ɗan takararsa, ƙararrawa ta yi ƙara sau ɗaya don a san bai jefa biyu ba.

Wani abu da ke nuna yadda zaɓen ƙauye ke komawa kan mutum maimakon jam'iyya shi ne tsohon tsarin ƙananan ƙauyukan Faransa. A ƙauyen da bai kai mutum 1,000 ba, an daɗe ana barin mai zaɓe ya ɗauki biro ya soke sunan wanda ba ya so daga jerin 'yan takara, ya ɗauko wani daga jerin abokan hamayya ya saka. Da dare sai a bi suna-suna ana ƙirgawa, kowa ya ji sau nawa aka soke shi. Magajin garin da ya hana wani izinin gini, ko ya shiga tsakani a rikicin iyakar gona, yakan ga sakayyarsa a nan. Wata doka ta watan Mayun 2025 ta kawo ƙarshen wannan, ta ce daga zaɓen 2026 a kowane ƙauye mai zaɓe jeri guda zai zaɓa ɗungurungum, kuma a jera mace da namiji bi da bi. An rage wa mai zaɓe 'yancin tsince, an rage wa mai riƙe da amana fargabar ramuwa, an kuma buɗe wa mata ƙofa.

Sau da yawa ma matsalar ƙauye ba zafin takara ba ce, rashin 'yan takara ne. Aikin kansilan ƙauye a Ingila galibi ba albashi, kuma kujeru da yawa ana cin su ba hamayya. In gurbi ya samu a tsakiyar wa'adi, sai masu zaɓe 10 sun nema a rubuce kafin a yi zaɓen cike gurbi, in ba haka ba sauran kansiloli su ɗauko wanda suka ga dama. A Japan, ƙauyen Okawa mai mutum kusan 400 ya kai ga tunanin rushe majalisarsa a 2017 ya koma taron gama-gari, saboda tsufa ya cinye masu iya tsayawa. A wasu wurare kuma masu son tsayawa suna nan, amma manya kan zauna su yi maslaha su fitar da mutum ɗaya. Jihar Gujarat har tukwicin kuɗi take ba ƙauyen da ya fitar da shugabanninsa ba tare da an kai ga akwati ba. Na fahimci abin da ke jan hankali a nan: zaɓe na kwana ɗaya ne, gabar da ya haifar kan yi shekaru, kuma mutanen da za su haɗu a wurin jana'iza da ɗaurin aure ba sa son abin da zai raba su. Amma a duba su wa ke zaune a ɗakin da ake maslahar. Da wuya ka ga mace, ko matashi, ko baƙon da ya zo ya zauna, ko ɗan gidan da ake ganin ba su kai ba. Akwati kaɗai ne wurin da ake ƙirga waɗannan daidai da kowa.

Indiya ta tunkari wannan da ƙarfin doka. Gyaran 1993 ya keɓe wa mata aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kujeru da shugabancin majalisun ƙauye, jihohi da dama suka ɗaga shi zuwa rabi, aka kuma keɓe kujeru ga al'ummomin da aka daɗe ana dannewa. An sami inda mace ke riƙe da kujera a takarda, mijinta ke zartarwa, har abin ya sami suna a can. Duk da haka binciken da Raghabendra Chattopadhyay da Esther Duflo suka wallafa a 2004, a kan ƙauyukan Bengal ta Yamma da Rajasthan, ya gano cewa inda mace ke shugabanci an fi zuba kuɗi a ruwan sha, abin da matan wuraren suka fi kuka a kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wadda ke ɗaukar tulu ta fi kowa sanin nisan rijiya.

Wannan binciken yana da ma'ana ne saboda akwai kuɗin da shugabar za ta karkatar. Duk wahalar rajista da layi da fargabar a gane ka, ɗan ƙauye na ɗaukarta ne bisa zaton kujerar na iya yin wani abu. Majalisar ƙauye a Ingila ikonta kaɗan ne, maƙabarta da filin wasan yara da rumfar jiran mota, amma tana da hurumin yanka wa mazauna ɗan haraji nata na kanta, don haka kowa na iya tambayar inda kuɗinsa ya shiga. Indunusiya ta yi dokar ƙauyuka a 2014, daga 2015 gwamnatin tsakiya ta fara ware wa kowane ƙauye kasonsa, sai kujerar shugaban ƙauye ta zama abin nema da gaske, da alherin hakan da sharrinsa. A Najeriya sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi, amma hukumomin zaɓe na jihohi ne ke shirya zaɓen, gwamna ne ke naɗa su, kuma an saba ganin jam'iyyarsa ta lashe kusan komai. Gwamnoni da yawa sun shekara suna naɗa kantomomi maimakon yin zaɓen, kuɗin ƙananan hukumomi kuma na bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta kwamitocin riƙo. Tsarin mulkin Indiya ya toshe wannan ƙofa tun farko: in aka rushe majalisar ƙauye, wajibi ne a sake zaɓe cikin wata 6.

Idan kansila ba shi da ta cewa a kan ko sisi, majalisa ta zama taron tsintsiya ba shara, kuma mutumin da ya ƙi fita ranar zaɓe ba jahilci ne ya zaunar da shi ba. Ya auna abin da zai iya rasawa in aka gane inda ya dangwala, ya auna abin da kujerar za ta iya kawo masa, ya ga na farko ya rinjayi na biyu. Wa'azin wayar da kai ba ya sauya wannan ma'auni. Abin da ke sauya shi shi ne a ga zaɓaɓɓe ya gyara famfo da kuɗin da kowa ya san adadinsu, a kuma ga wanda ya zaɓi ɗaya ɓangaren yana ɗiban ruwa a famfon ba mai harararsa.

In kuwa aka yi kunnen doki, abin da a ƙauye ba baƙo ba ne, kowace ƙasa da hanyarta. A Ingila jami'in zaɓe ƙuri'ar sa'a yake yi, a jefa kwabo ko a zaro takarda. A Faransa, in kansiloli suka kasa raba gardama a zagaye na uku na zaɓen magajin gari, wanda ya girmi ɗan'uwansa ake ba kujerar.